Hakin da Muka Raina

Mu dai a layinmu ba ma buƙatar kalanda kafin mu san hunturu ya shigo. Yara ne ke fara ba da labari. Wanda jiya ya cika layi da ihu yana gara taya, yau sai ka gan shi a raɓe jikin bango yana shan hantsi, ya ƙudundune cikin rigar sanyin yayansa, ana miƙa masa koko yana kau da kai. Ka tambayi uwar, "Me ya sami mutumin nawa?" Amsar ɗaya ce daga bakin layi har ƙarshensa: "Ai maƙogwaro ne kawai."

Wannan "kawai" ɗin ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Sanin kowa ne, in ciwon maƙogwaro ya shiga gida, kowa likita ne. Kaka ta ce a daka citta da kanumfari da masoro a dama a kunu. Uwa ta matse lemun tsami a cokalin zuma. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce a ba shi jar kanwa ya lasa. Maigida ya dawo daga kasuwa aljihu cike da Tom Tom. A mulke wuya da man zafi, a naɗe shi da tsohon ɗankwali, a hana yaro ruwan randa, sannan a zauna neman mai laifi: ƙanƙarar da ya sha a makaranta ce, ko ƙurar da ya kwaso a filin ƙwallo, ko wankan safen da aka yi masa ba a sirka ruwan ba. In an kwana biyu abin bai faɗa ba, sai a aiki yayansa kemis da ɗari biyar a hannu: "Ka ce a haɗo na maƙogwaro." In ciwon ya sake dawowa a wata mai zuwa, sai manya su haɗa baki su ce belu ne, a kira wanzami.

Duk ƙauna ce ke sa mu wannan kai-kawo. Zuma da abu mai ɗumi da kurkurar ruwan gishiri kuwa suna sanyaya raɗaɗi, ni ma da su na reni nawa. Amma a duk hidimar nan akwai abu ɗaya da ba ma yi: ba ma cewa yaro ya buɗe baki mu leƙa.

Ranar wata Asabar muna gidan Goggo wajen zubin adashi, an shimfiɗa tabarmi a inda rana ke bugu, wasu na tsifa wasu na gyaran zogale, sai ga Maman 'yan biyu da autanta riƙe da gefen zaninta. Yaro ne ɗan shekara 8, wanda in yana wuri ba a jin maganar kowa. Ran nan ko gaisuwa da ka ya yi ta. Ya zauna yana ta tofar da yawu a ƙasa, Goggo ta yi masa tsawa, uwar ta ce, "Ki yi haƙuri Goggo, ba ya iya haɗiyewa ne. Tun shekaranjiya ko ruwa sai an yi da gaske."

Nan fa shawara ta ɓarke. Mai kanwa na faɗa, mai bagaruwa na faɗa, Hajiya ta ce akwai sauran kafso a jakarta da ya rage tun ciwon jikanta. Sista ce kaɗai ba ta ce uffan ba. Sista tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, a ɗakin yara ta yi yawancin aikinta har ta yi ritaya, kuma ba ta da garajen magana. Ta ajiye kuɗin zubinta, ta wanke hannu a bakin rariya, ta ce, "Goggo, a ara mini cokali mai tsabta. Zo nan, ɗan albarka."

Ta tsugunna gabansa, ta kunna fitilar wayarta, ta danne harshen da ƙotar cokali. "Ce aaa." Muka yi caa a kanta muna leƙe. Ni dai tunda nake ban taɓa tsayawa na kalli cikin maƙogwaron yaro da kyau ba sai ran nan. Tsokokin nan biyu na gefe da gefe, waɗanda likitoci ke kira tonsil, sun kumbura sun yi jawur kamar an cusa jan goro biyu, har sun kusa haɗewa a tsakiya. A jikinsu ga fari-farin mugunya ɗis-ɗis, kamar gudajin kindirmo. Can sama a ganɗa ga wasu jajayen ɗigo ƙanana kamar an barbaɗa barkono. Sista ta sa yatsu biyu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa ta shafa a hankali, yaro ya zabura. Ta kamo hannun uwar ta ɗora a wurin: kaluluwa ce, kamar ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata.

"Jikinsa ya yi zafi?"

"Rau, tun daren Alhamis. Lokaci ɗaya abin ya zo masa, da safe lafiya lau ya tafi makaranta. Har da ciwon kai da ciwon ciki, jiya ma ya yi amai."

"Yana tari? Majina fa? Murya ta dishe?"

"Ko ɗaya. Ai shi ya sa ma hankalina ya kwanta, tunda ba tari."

Sista ta kashe fitila ta ce, "Shi ya sa ni kuma nawa ya tashi."

Wuri ya yi tsit. Ta gyara zama ta warware mana. Ciwon maƙogwaro, in ji ta, gida biyu ne. Mafi yawansa na mura ne, wanda ƙwayoyin bairos ke kawowa. Shi wannan tafe yake da 'yan rakiya: tari, atishawa, yoyon hanci, dishewar murya, wani lokaci jan ido. Ba ya jin kafso ko allura, da kansa yake tafiya, abin da yake so hutu ne da ruwa da farasitamol da irin zumar nan tamu. Ɗaya gidan kuwa na wata ƙwayar bakteriya ce da ake kira sitireptokokas rukunin A. Ita ba ta cika zuwa da tari ko majina ba. Dirar mikiya take yi: zazzaɓi, zafin haɗiya, mugunya a tonsil, kaluluwa mai ciwo a gaban wuya. Ta fi kama yara daga shekara 5 zuwa 15, ba kasafai take damun 'yan ƙasa da shekara 3 ba. A cikin yara 10 masu ciwon maƙogwaro, 2 zuwa 3 ita ce. A manya kuwa wajen 1 cikin 10. Wani yaron ma takan feso masa da ƙananan ƙuraje masu kaushi kamar yashi, waɗanda a irin fatarmu an fi jin su da tafin hannu fiye da ganinsu da ido.

Tambayoyin nan da ta jera ba daga kanta ta ƙago su ba. Wani likita ɗan Amurka, Robert Centor, shi ya tsara alamomin huɗu a 1981: zazzaɓi, rashin tari, mugunya a tonsil, da kaluluwa mai zafi a wuya. Gwargwadon yawan waɗanda suka taru a jikin yaro, gwargwadon ƙarfin zaton cewa ƙwayar ce. Autan Maman 'yan biyu ya haɗa duka huɗun.

Goggo ta tauna goronta ta girgiza kai. "Ke 'yar nan, ni fa tara na haifa na rena. Wa ya taɓa ɗaukar yaro zuwa asibiti don maƙogwaro? Kwana uku, huɗu, ka gan shi ya miƙe yana neman tuwo."

"Gaskiyarki, Goggo, Allah ya ƙara miki lafiya," in ji Sista. "Shi ma wannan ko ba a ba shi komai ba, nan da 'yan kwanaki zazzaɓin zai sauka, ya ci tuwonsa. Ba maƙogwaron nake jin tsoro ba. Abin da ke biyo bayansa ne."

Ta kawo misalin da har yau yana kaina. Ta ce a ɗauka ɓarawo ya shigo unguwa, 'yan sintiri suka bi shi suka kore shi, amma suka riƙe kamanninsa a ka. To, a jikin ƙwayar nan akwai abin da ya yi kama da wasu sassan jikinmu: gaɓoɓi, da ƙyauren ƙofofin zuciya, da wani yanki na ƙwaƙwalwa. Mu mun san kama da wane ba ta wane, amma dakarun jikin wasu yaran ba su san haka ba. Bayan mako 2 zuwa 3, ɓarawo ya daɗe da tafiya, kowa ya manta, sai su far wa masu gida. Wannan shi ne zazzaɓin rumatik. Yau gwiwa ta kumbura ta yi zafi, jibi ta saki, idon sawu ya ɗauka, gata ya koma gwiwar hannu. Mu kuma mu ce sanyi ne ya shige shi, ko mu ce maleriya da taifot. Wata yarinyar, bayan watanni, hannunta ya riƙa fizga da kansa, ta yi ta sakin kofi, rubutunta ya lalace, fuska na motsi ba da sonta ba, mu ce iska ce. Gaɓoɓi suna warkewa sarai. Zuciya ce ba ta mantuwa. Duk sanda ƙwayar ta sake dawowa, sai a sake sarar ƙyauren nan, ya yi tabo, ya ƙanƙance ko ya daina rufuwa da kyau. Ba kowane yaro abin ke samu ba, ƙalilan ne. Sai dai babu mai iya duban goshin yaro ya ce wannan zai tsira, wancan ba zai tsira ba.

Tana cikin magana na ga Inna ta gidan kwana ta ajiye farantin zogalen da ke cinyarta. Duk mun san abin da ke ranta, babu dai wanda ya iya ɗaga ido ya dube ta. Ita ce ta yi magana da kanta, murya ƙasa-ƙasa.

"Haka aka yi da tawa. Tana aji biyar ƙafa ta kumbura, aka ce sanyi. Muka yi ta gashi da ruwan zafi. Ta warke, muka gode Allah. Aka ce ba ta son aiki, don in ta ɗebo ruwa bokiti biyu sai ta zauna tana maida numfashi. Ni da kaina na sha yi mata faɗa." Ta yi shiru, ta goge ido da bakin mayafi. "Sai da aka yi mata aure ta sami ciki. Wata bakwai, ba ta iya kwanciya sai an jera mata filo uku, ƙafafu kamar turmi, dare ya yi ta yi ta haki. Da aka ɗauki hoton zuciyar, likita ya ce ƙofa ɗaya ta tsuke. Ya ce, 'Mama, tana yawan ciwon maƙogwaro tana ƙarama?' Na ce, ɗana, wane yaro ne ba ya yi?"

'Yar Inna tana nan da ranta, ita da ɗanta, Allah ya yi da sauran kwana. Amma duk bayan mako 4 sai ta je an yi mata allurar fenisilin don kada ƙwayar ta sake samun hanya, kuma shekaru za ta yi a haka. An gaya musu gyaran ƙofar sai tiyata, kuɗin kuwa ko gidan aka sayar da wuya ya kai.

Ina zaune ina juya wata kalma a raina. Ciwon nan da kakanninmu ke kira hakin wuya, don mai shi ji yake kamar ɗan haki ya maƙale masa, shi ne muka raina. Ga shi ya koma wani hakin, na ƙirji, wanda ke hana 'yar mutane barci. Masu iya magana sun riga sun faɗa: hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kada a ɗauka abin na layinmu ne kaɗai. An ƙiyasta cewa a 2015 mutum fiye da miliyan 33 ne ke ɗauke da wannan ciwon zuciya a duniya, kuma ya kashe kusan 320,000 a shekarar. Mafi yawansu a ƙasashen Afirka kudu da Sahara suke, da kudancin Asiya, da tsibiran tekun Fasifik, wato inda ake kwana da yawa a ɗaki ɗaya kuma asibiti ke da nisa ko tsada. A watan Mayun 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri musamman a kansa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne an daɗe da sanin makarinsa. Tun 1950 likitoci a wani sansanin sojan sama da ke jihar Wayomin ta Amurka suka nuna cewa in aka yi wa mai wannan ciwon maƙogwaro allurar fenisilin, da wuya zazzaɓin rumatik ya biyo baya. A lardin Pinar del Rio na ƙasar Kuba kuwa, daga 1986 zuwa 1996, ba wata na'ura mai tsada aka kawo ba: an wayar da kan iyaye da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, aka tabbatar magani yana nan, sai cutar ta ja baya ƙwarai. Yau a Turai da Amurka likita matashi kan daɗe yana aiki bai ga mai ita ba. Mu kuwa ga ta a gidan kwana.

Maman 'yan biyu ta jawo ɗanta jikinta. "To Sista, yanzu me zan yi? In karɓi kafson Hajiya?"

"A'a, Hajiya ta mayar da abinta jaka. Asibiti za ki kai shi, yau ɗin nan, ko na sha-ka-tafi ne."

Ta gaya mata abin da za ta tarar. A inda ake da kayan aiki, ana goga ɗan tsinke mai auduga a tonsil a gwada nan take, cikin mintuna sakamako ya fito. Ko a kai ɗakin gwaji a shuka, a jira kwana 1 zuwa 2 a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Ba kowane asibitinmu ke da waɗannan ba, don haka sau da yawa ma'aikacin lafiya da ido da hannu da tambaya zai yanke hukunci, kamar yadda ita ta yi. Abin da ya kamaci uwa shi ne ta faɗi komai dalla-dalla: yaushe ya fara, akwai tari ko babu, an ba shi wani magani ko ba a ba shi ba, kuma ya taɓa shan magani ya yi masa borin jini ko kumburin fuska. In ba a leƙa bakin yaron ba, ta roƙa a leƙa. Ba rashin kunya ba ne.

Maganin kuwa ba baƙo ba ne, ba kuma mai tsada ba: fenisilin ko amoksisilin, gwargwadon nauyin yaro, kwana 10 cif. Ko kuma allura guda ta benzatin fenisilin, mai kauri kamar madara, mai zafin shiga, amma an gama ke nan, babu zancen mantuwa. Wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin akwai wasu da likita zai zaɓa masa. Wani abin godiya, duk shekarun nan da aka yi ana amfani da fenisilin, har yau ƙwayar nan ba ta gagare shi ba. Kuma ko an ɗan makara ba a yi asara ba: in aka fara magani cikin kwana 9 da somawar ciwon, ana tare wa zuciya hanya. Bayan kwana ɗaya cur da fara sha, in zazzaɓi ya sauka, yaro ya daina yaɗa ta, yana iya komawa makaranta. Don raɗaɗi a ba shi farasitamol, a kiyaye ba wa yara asfirin, zuma kuma ban da jaririn da bai cika shekara ba.

"Kwana goma?" in ji Hajiya. "Ai mu da an ga yaro ya tashi, sai a ɗaga sauran, a ajiye don gaba."

Muka yi dariya don kowa ta san kanta. Wace ce a cikinmu ba ta da gwangwani ko leda a saman kwaba, cike da ragowar magunguna, rabin kati nan, sulusin kwalba can? Talauci ne ya koya mana tattali, ba mugunta ba. Sai dai a nan tattalin asara ne. Sauƙin da ake gani a kwana na 2 ko na 3 ba ya nufin ƙwayar ta ƙare. Lafawa ta yi. Kwana goman nan don a share ta ƙaf daga maƙogwaro ne, kuma sharewar ce ke kare zuciya. Haɗin ɗari biyar na kemis ma matsalarsa ke nan: ƙwaya huɗu ko shida a ƙullin leda, babu suna babu adadi. Sau da yawa ma ja-da-yalo ne ko Septrin, waɗanda ba su ne maganin wannan ciwo ba. Ga kuma ɗaya ɓarnar: yaron da mura ce kawai ke damunsa a ɗura masa kafso a banza, a koya wa wasu ƙwayoyin taurin kai. Mai buƙata bai sha ya isa ba, marar buƙata ya sha ya yi yawa.

Da aka zo kan belu, nan ne muhawara ta yi zafi, don wanzamin layinmu mutumin kirki ne, shi ya yi wa yawancin 'ya'yanmu askin suna. Sista ba ta zage shi ba. Ta sake kunna fitila ta nuna mana ɗan belun yana reto a tsakiya, ta ce, "Ku duba da kyau. Mugunyar a jikinsa take, ko a gefe?" A gefe take. Shi belu maƙwabcin masu ciwo ne, ya ɗan yi ja don gobara ta tashi kusa da shi. In an yanke shi ƙwayar na nan daram a tonsil, an dai ƙara wa yaro ɗanyen rauni a wurin da ke cike da cuta. Ta ce ta sha karɓar yaran da aka kawo jini ya ƙi tsayawa, da waɗanda sarƙewar haƙora ta kama bayan yankan, ban da cututtukan da aska ɗaya ke iya ɗauka daga wannan baki zuwa wancan. Goggo ta yi shiru, can ta nisa ta ce, "Da haka muka taras." Sista ta ce, "Haka ne, Goggo. Su ma da sun sami fitila irin wannan, da sun leƙa."

Ta ƙara ja mana kunne kan alamomin da ba a kwana da su a gida. Yaro ya kasa buɗe baki, yawu na dalala, magana kamar da loma a bakinsa, gefe ɗaya ya fi kumbura: ƙurji ne ya taru a bayan tonsil. Numfashi na sarƙewa, wuya ya kumbura suntum, ga wata fata-fata mai ruwan toka ta manne a maƙogwaro: a yi zaton mashaƙo. Wannan ba sai an yi wa mutanen Kano dogon bayani ba, mun ga abin da ya yi tun daga ƙarshen 2022. Shi mashaƙo yana da rigakafi, yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14. Ita kuwa ƙwayar sitireptokokas har yau ba ta da allurar rigakafi. Idon uwa da kwana goman nan su ne katangarta. Haka kuma in bayan kamar kwana 10 da ciwon maƙogwaro aka ga fuskar yaro ta kumbura da safe, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi, to ƙoda ce ta taɓu, a hanzarta. In kuma gaɓoɓi suka fara ciwo suna yawo, ko yaro ya fara haki a ɗan aikin da ya saba, a je a faɗa wa likita da baki: "Ya yi ciwon maƙogwaro makonnin baya."

Amarya, wadda tun ɗazu ba ta tanka ba, ta ce, "To ni Sista, ƙanƙarar fa? Ba ita ke kawo shi ba?"

"Ƙanƙara ba ta haihuwar ƙwaya, ƙanwata. Daga mutum take zuwa mutum, ta yawu da numfashi, ta kwana 2 zuwa 5 kafin ta nuna kanta."

Sai duk muka waiga muka dubi randar Goggo da moɗar nan ɗaya tilo a kan murfi, wadda tun safe yara fiye da goma suka kafa kai a cikinta. Haka muke. Moɗa ɗaya, cokali ɗaya a kwanon fura, alewa a gutsura da haƙori a miƙa wa ƙani. Da sanyi kuma a tattara yara shida a ɗaki ɗaya, a toshe taga da tsumma, a rufe ƙofa ruf. A Islamiyya da makarantar allo ana zaune kafaɗa da kafaɗa. Zumuncinmu ke nan, ba kuma za mu fasa ba, ba mu da ɗakunan da za mu raba wa kowa nasa. Amma ware wa marar lafiya kofinsa da cokalinsa na kwana biyu bai fi ƙarfinmu ba. Haka barin 'yar kafar iska a taga, da wanke hannu da sabulu, da barin yaro ya huta a gida har magani ya kwana a jikinsa.

Ran nan ba a gama lissafin adashi da wuri ba. Goggo da kanta ta kwance bakin zani ta ƙirgo kuɗin mota ta danƙa wa Maman 'yan biyu, ta ce, "Tashi ki kai shi, a cire a zubina." Kafin magariba sun dawo da amoksisilin, safe da yamma. Sista ta ce a haɗa shi da sallah don kada a manta: in an idar da asuba a ba shi, in an idar da magariba a ba shi. Ta ɗauki gawayi ta ce wa yaron kowace rana in ya sha na yamma ya ja layi ɗaya a bangon madafa.

Kwana uku na ji ihunsa a layi, ya dawo da garin tayarsa. Na san a nan gizo ke saƙa, don haka na leƙa gidan. Uwar ta ce wallahi har ta ɗaga kwalbar za ta ajiye, sai ga sallamar Inna ta gidan kwana. Ashe tun ranar farko kullum bayan magariba sai Inna ta yafa mayafi ta zo, ba ta zama, ba ta shan ruwa, bangon madafa kawai take dubawa ta ƙirga layuka. Ran nan ma ta ƙirga, ta ce, "Saura bakwai," ta juya. Ranar da aka cika, yaron ya miƙa mata gawayin, ita ta ja na goman da hannunta.

Hunturu bai wuce ba tukuna, yara na ta yi ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu muna daka citta, muna matsa lemun tsami, maigida na zuwa da Tom Tom. Jiya da safe ina shara na jiyo wata maƙwabciya tana gaida Goggo ta katanga, tana cewa ɗanta bai je makaranta ba, ai maƙogwaro ne kawai. Goggo ba ta bari ta rufe baki ba.

"An leƙa?" in ji ta. "Kawo shi nan, ki taho da cokali."